Ranar da Sauda Ta Yi Shiru a Napoli

Wata takwas Sauda ta yi tana gaisawa da Kamila baki har kunne, kuma a cikin wata takwas ɗin nan babu ranar da ba ta ja mata Allah ya isa a zuci ba.

Abin da ya haɗa su ba ɓoyayye ba ne. Sauda tana aiki a kicin ɗin wani otal a Dubai, ɓangaren abincin Italiya. Ranar hutunta kuwa, a ɗakin da suke haya su shida a unguwar Hor Al Anz, takan tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka ta zuba a robobi, 'yan kasuwar Kano da ke sauka a ƙananan otal-otal na unguwar Al Buteen su aiko a karɓa. Kowa ya san ba a yarda a sayar da abinci daga ɗakin haya ba, saboda haka kowa ya iya bakinsa. Ban da Kamila.

Kamila ƙawarta ce tun sakandare. A wani ofishin kago, na jigilar kaya, take aiki, amma abin da ta ɗauka sana'a shi ne shafinta na abinci, inda take nuna wa mutum dubu tamanin wuraren da Musulmi zai ci halal. Ran nan ta zo cin tuwo, sai ta ɗaga waya. Ta ɗauki tukunyar gas a gindin gadaje masu hawa biyu, ta ɗauki wankin da aka shanya a kan igiya, ta toshe hanci tana dariyar warin daddawa, da za ta fita har lambar ginin sai da ta haska. Kwana biyu bidiyon ya kai hannun mai gidan, ya ba Sauda kwana uku ta kwashe kayanta. Otal suka miƙa mata takardar gargaɗi. Duk wannan mai sauƙi ne. Wanda ya tsaya mata a maƙoshi shi ne kiran da mahaifiyarta ta yi daga Gwammaja, matar da ke faɗa wa maƙwabta 'yarta na zaune cikin daula, tana kuka tana cewa, "Ashe haka kike zaune, Sauda? Ashe haka?"

Da ta tunkari Kamila, ga amsar da ta samu, da ɗan Larabcin Dubai da take sirkawa: "Haba habibti, talla fa na yi miki kyauta. Khalas, ya wuce."

Yaya Muhsinat ce ta kwashe ta, ta ba ta rabin ɗakinta a Bur Dubai. Ita ce babba a ƙawancensu, ta girme su da shekara uku, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ce kuma ta nace sai sun shirya da Kamila, Sauda ta ce ta haƙura don kawai ta ga ran Yaya ya yi sanyi. Da auren Yaya Muhsinat ya matso, za ta tattara ta koma gida gaba ɗaya, sai ta ce tana so su uku su je wani wuri tare ko sau ɗaya ne, su ci su sha su ɗauki hoto. Aka yi ta jefa sunayen garuruwa. Sauda ce ta ce Napoli, wani gari a Italiya, ta faɗe shi kamar yanzu ya faɗo mata a rai.

Ba yanzu ya faɗo mata ba. Oganta na kicin wani dattijo ne ɗan Napoli, Gennaro, mutum mai mita kamar an biya shi. Kullum da safe idan suna murza wani abin maƙulashe da suke kira sufoliyatella, mai siraran ninki rututu, cikinsa cuku mai zaƙi da ɓawon lemo, sai ya girgiza kai ya ce wannan na Dubai wasan yara ne. Nan da bota ake yi. A garinsu, a tsofaffin shaguna, da kitsen alade ake shafe kowane ninki, shi ya sa yake ƙaras-ƙaras. Har shagon da kakarsa ke kai shi ya kwatanta mata, da sunan kitsen da harshensu, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Wanda ya zauna a Dubai ya saba. Naman alade yana can a killace a lungun kanti da rubutu ɓaro-ɓaro a ƙofa, sauran komai ka ɗauka ka ci. Idan irinsu suka fita waje sukan yi hattara da nama, su yi hattara da giya. Amma wa zai tsaya tambayar cincin ko halal ne? Nan Sauda ta kafa tarkonta. Taƙamar Kamila guda ce: idan ta ce halal ne, ba a sake tambaya. To za ta ci, za ta faɗa da bakinta a gaban jama'arta, ita kuma Sauda za ta ɗauki hoton takardar kayan haɗin ta tura wa shafukan tsegumi ba suna. Sharaɗi ɗaya ta gindaya wa kanta. Yaya Muhsinat ba za ta taɓa abin nan ba, ba kuma za ta taɓa sanin da hannunta a ciki ba.

Aka sha wahalar biza, aka samu. Ranar Asabar da hantsi ta same su a tsakiyar Napoli.

Garin ya ba su mamaki. Su da suka saba da titi mai layi shida da gilashi har sama, sai ga su a wani dogon lungu da ya tsaga tsohon gari biyu, babura na shafar gefen rigarsu, tsofaffi na ihu daga taga zuwa taga. Suka fara da kofi a tsaye a bakin kanta, ɗan mitsitsin kofi mai ɗaci, Yaya Muhsinat ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Wannan ai maganin shawara ne," in ji ta. "Sauda, babu komai a ciki dai ko?"

"Babu, Yaya. Kofi ne zalla."

Haka za ta yi ta tambaya har yamma. Kamila tana da wani ɗan kati da ta sa aka rubuta mata da Italiyanci, ba alade ba giya, tana nuna shi a duk inda ta ga nama ko miya. Yaya Muhsinat kuwa ba ruwanta da kati, sai ta juyo ta kalli Sauda. In Sauda ta gyaɗa kai, ta yi bisimilla.

Suna cikin tafiya Kamila ta ja birki, ta ɗaga waya sama. Igiyoyi ne daga gini zuwa gini, an shanya zannuwan gado da singileti da wandunan yara suna ta kaɗawa.

"Wayyo Allah, ku kalli kyau! Jama'a, wannan shi ne asalin Italiya. Mashallah, kamar a fim."

Sauda ta ɗaga kai ta kalli wankin. Singiletin Italiya abin mashallah ne, nata na Hor Al Anz abin toshe hanci. Duk da haka ta ce wa Kamila ta matsa hagu haske ya fi kyau a can.

Da rana ta ɗaga suka bi layin masu fiza. Irin ta kan titi ce, a ciro ta daga tanda tana huci, a ninke ta huɗu a takarda a miƙo maka. Tumatir ne da cuku da ganye ɗaya, ba wani tarkace. Kamila ta nuna katinta, mai tandar ya ɗaga hannu biyu yana rantsuwa da harshensu. Suka ci a tsaye a jikin bangon wata tsohuwar coci, romon tumatir na bin gwiwar hannunsu. Gaskiya abin ya yi daɗi. Ko Sauda, da zuciyarta ke wani wuri, sai da ta lashe yatsa.

"Shekara huɗu ina biyan kuɗi a Dubai ina cin kwali," in ji Yaya Muhsinat. "Sauda, ashe cutarmu kuke yi a otal ɗin nan."

Suka yi dariya su uku, irin dariyar da rabonsu da ita tun kafin bidiyon. Sauda ta tsorata da dariyar, don ta ji tana neman sassauta mata zuciya.

Daga nan suka gangara bakin teku. Suka sayi soyayyun ƙananan kifi da jatan lande a cikin takarda mai kan mazurari, suka matse lemon tsami, suka zauna a kan dakalin dutse. Can tsallaken ruwa ga wani dutse mai aman wuta ya yi zaune abinsa. Yaya Muhsinat ta cire takalmi tana matsa yatsun ƙafa, ta tafi ta tsoma su a ruwa. Aka bar su biyu.

Nan Sauda ta ce bari ta ba ta dama ta ƙarshe, don kada gobe ta ce ba a ba ta ba.

"Kamila, kin san har yau Umma ba ta zuwa biki a unguwa? Saboda bidiyon nan."

Kamila tana duba hotuna, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ya salam, har yanzu kina kan wannan? Ke fa kina da riƙo wallahi. Ki ce wa Umma ta share mutane."

"Kin goge shi?"

"In goge? Habibti, shi ne fa ya fi kowanne tafiya a shafina. Ya haura miliyan. Yalla, kalli nan, yi murmushi."

Sauda ta kalli wayar ta yi murmushi. Hoton ya yi kyau ƙwarai.

Suka sami wani ɗan masallaci na 'yan Bangladash kusa da tashar jirgin ƙasa, suka haɗa azahar da la'asar. Sauda ta yi sallarta da sauri, ba ta tsaya addu'a ba, don ta san abin da ke ranta ba abin ɗaga hannu a kai ba ne. Da suka fito suka sha ƙanƙarar lemon tsami. A wani shago aka miƙo musu wani kek mai sheƙi, jiƙe sharkaf, Kamila ta sunsuna ta ja da baya, ta kunna waya nan take.

"Kun gani ko? Wannan a giya ake jiƙa shi. Da wata ce da tuni ta afka. Shi ya sa nake ce muku, in za ku yi tafiya, ku bi wanda ya sani."

"Gaskiya ne," in ji Sauda. "Saura wuri ɗaya. Oganmu ya ce wanda bai je can ba, bai zo Napoli ba."

Shagon yana nan yadda Gennaro ya kwatanta, ɗan ƙarami, da tsohon tanda a ciki da layi har waje. Ƙamshin kaɗai ya isa ya sa mutum ya manta sunansa. Suna cikin layi Sauda ta matsa jikin kanta, inda aka manna takardar kayan haɗi a cikin leda. Ta bi da ido. Ga sunan kitsen nan a layi na biyu, ba ta ɓuya ba. Ta ɗauki hoton takardar kamar mai duba saƙo.

Kamila ta sayi sufoliyatella uku, zafafa, an barbaɗe su da garin sukari. Katinta yana cikin jaka, ko tunawa da shi ba ta yi ba. Sauda ta karɓi ledar takardar da sauri ta ajiye a kan wani dogon teburi a ƙofar shagon.

"Yaya, don Allah samo mana ruwa a wancan shagon na tsallake. Abin nan da zaƙi, sai da ruwa."

Yaya Muhsinat ta tafi. Sauda ta ga layin da ke can, ta ƙiyasta minti goma. Kafin ta dawo an gama, sauran biyun kuma za su faɗi ƙasa bisa kuskure.

"Yi shi kai tsaye mana," ta ce wa Kamila. "Yanzu mutanen gida duk suna riƙe da waya. Kawo wayar in riƙe miki."

Kamila ta gyara mayafi, ta gyara murya. Mutane suka fara shigowa, ɗari uku, ɗari tara, dubu biyu. Ta ɗaga abin a gaban waya tana juya shi, ta bayyana ninkinsa, ta kwaikwayi sunansa har sau uku tana dariya.

"Wannan kam ku ci hankali kwance. Fulawa ce da cuku da sukari. Halal ɗari bisa ɗari, ni Kamila na faɗa muku. Bismillah."

Ta gatsa. Sauda ta ji ƙarar ƙaras ɗin har cikin kanta. Ta ƙura wa bakin Kamila ido ta cikin waya, tana kallon yadda take taunawa, yadda ta lumshe ido, yadda maƙoshinta ya motsa. Ta gatsa na biyu. Wata takwas Sauda take jiran wannan loma, ba ta so ko ƙiftawa ta yi ta rasa wani abu. Duniya gaba ɗaya ta koma mata bakin nan mai maiƙo, ba ta ji motsin kowa, ba ta ganin kowa.

Sai Kamila ta miƙo hannu ta karɓe wayar, ta juya ta, ta rungumo kafaɗar Sauda.

"Jama'a, ga wadda ta kawo mu. Ƙawata Sauda, kun tuna ta, mai tuwon Hor Al Anz! Ƙwararriya ce a abincin Italiya, kullum shi take yi a otal. Faɗa musu, habibti, halal ne ko ba halal ba? Ungo, ci su gani."

Ta kai ragowar har bakin Sauda. Ɗumin abin ya taɓa leɓenta.

Wannan ba ya cikin lissafi. Kamila ta ci ba ta sani ba, Allah ba zai tambaye ta ba. Ita kuwa ta sani sarai, ta karanta da idonta, hoton yana cikin wayarta. In ta buɗe baki ta ci, ta ci haram da gangan don ta rufa wa kanta asiri. In ta ƙi, sai ta faɗi dalili. Ga mutum dubu uku suna kallo. Kuma ga shi an sake kiranta mai tuwon Hor Al Anz.

Ta kawar da kai, ta ture hannun.

"Ba zan ci ba."

"Haba, kunya kike ji? Yalla mana."

"Da kitsen alade ake yin sa." Ta faɗa a hankali, tana kallon cikin wayar, yadda kowa zai ji. "Kowane ninki da shi ake shafawa. Ga shi can a rubuce a jikin kanta, layi na biyu. Mai shafin halal ba ta karanta ba."

Murmushin Kamila ya daskare. Ta kalli abin da ke hannunta, ta kalli Sauda. Rubutu ya fara gudu a fuskar wayar kamar an ɓalle famfo, innalillahi, subhanallah, wasu na dariya, wasu na cewa dama sun san ƙarya take.

"Tun yaushe kika sani?" Muryarta ta koma ƙarama.

"Tun kafin mu nemi biza."

"Kika tsaya kina kallona ina ci?"

"Talla na yi miki, habibti. Kyauta."

Kamila ta saki abin ya faɗi, ta duƙa tana kakari a bakin kwata, wayar na hannunta ba ta kashe ba, jama'a na kallon sama da ƙasa da gefen mayafinta. Sauda ta tsaya a kanta. Ba sai an ɓoye ba, ta ji daɗi. Ta ji daɗi har cikin ƙashinta, wani sanyi ya sauko mata a ƙirji wanda rabonta da shi tun ranar da Umma ta kira. Da za a mayar da ita safiya, da ta sake.

Sai ta ji gorar ruwa ta faɗi a bayanta.

Yaya Muhsinat ce tsaye a jikin dogon teburin. Ashe wani ya ba ta wuri a layi, ta dawo tun ana tsakiyar ɗauka, ta ga suna aiki ba ta so ta katse su, ta buɗe ledar ta ɗauki nata. Garin sukari ya yi fari a leɓenta da gaban hijabinta. Abin da ya rage a hannunta bai kai loma ɗaya ba.

"Yaya..."

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ragowar a kan takarda, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki gorar da ta faɗi, ta koma gefe, ta kurkure baki ta zubar, ta sake, ta sake, har ruwan ya ƙare. Masu layi suna ta kallonsu.

Sauda ta bi ta. "Yaya, wallahi ba da ke na yi ba. Shi ya sa na aike ki. Ba ki da laifi, ba ki sani ba, Allah ba zai kama ki ba."

"Na san ba ni da laifi," in ji Yaya Muhsinat. Ta ɗago ta dube ta, idonta ya kaɗa ya yi ja. "Tun safe ko ruwa zan sha sai na tambaye ki. Wannan ne kaɗai ban tambaya ba, Sauda, don na ga ke kika kawo mu da ƙafarki."

Ta wuce ta gabanta, ta je ta zare wayar daga hannun Kamila ta kashe. Ta ɗago ta, ta gyara mata mayafi, ta riƙe ta a kafaɗa. Suka kama lungun su biyu a hankali, babura na kauce musu.

Sauda ta kira Yaya Muhsinat sau biyu. Ba ta waiwayo ba.